Yatsa Huɗu Kafin La'asar

Alhamis 28 Satumba, 18:30

Yau kwana ashirin da biyu matata Raliya tana Paris, gidan yayarta Hajiya Mariama a La Courneuve. Ni ina nan Saint-Fons ina gadin ɗaki uku, biyu nake shiga.

Na kira da na taso daga izin, masana'antar da nake aiki. Hajiya ta ɗauka kamar kullum, muka yi gaisuwar da ba ta kai ko'ina. Ta ce yau ma Raliya ba ta ci komai ba sai shayi rabin kofi. Na ce a ba ta talho, aka ce tana kwance. Kullum tana kwance. Sannan Hajiya ta gaya mini abin da ta yanke: in Nuwamba ya ƙare babu sauƙi, za ta tafi da ita gida Nijar wurin tsohuwa. Ba shawarata ta nema ba, sanar da ni ta yi. Na san irin wannan tafiyar, ranar zuwa ake sani, ba a sanin ta dawowa.

Abu ɗaya Raliya ta taɓa roƙona, a watannin cikinta da take marmarin abubuwa: ruwan zaƙin tsiron dawa, wanda kakarsu ke ɗebar wa yara can Dogon Dutse kafin a juye sauran cikin tulu ya zama burkutu. Danginsu ba sa son a tuna sana'ar kakar nan. A lokacin dariya na yi mata. Yanzu ga shi na jiƙa dawa ta tsira, na busar, na niƙa. Ban sani ba ko hankali ne wannan.

Juma'a 29 Satumba, 19:05

Inna Tabawa, ƙanwar mahaifiyarsu, ita kaɗai ta riƙe yadda ake yi. Ta turo mini saƙon murya na minti goma sha ɗaya, tara gaisuwa ce da addu'a. Ga sauran, na saurara sau shida:

"Ka ɗora in ka sallame azahar. Kada ka rufe tukunya. Ruwa shi sauka yatsa huɗu, sannan zaƙi ya kama. Amma kada ka bari la'asar ta iske shi bisa wuta, ɗana. Uwata ba ta taɓa bari ba."

Tukunya ita ce matsala, sai na sauka wurin tsoho Armindo, maƙwabcina na ƙasa. Mutumin Portugal ne, shekara talatin ya yi a izin ɗinmu kafin ya yi ritaya, yanzu giya yake dafa wa kansa a ɗan lambun bayan gida. Shekara uku ina wucewa da sauri in na ji warin. Yau ni ne na ƙwanƙwasa. Na yi ta kewaye-kewaye, ya katse ni ya ce tukunyarsa ba ta taɓa ganin barasa ba, ruwan zaƙi kawai take dafawa kamar nawa, ɓarnar a cikin bokiti take faruwa daga baya. Duk da haka na wanke ta sau bakwai, yana tsaye yana kallona hannu a ƙugu.

Bai tambaye ni Raliya ba. Shi ya kira motar asibiti ran da muka rasa jaririn, ya san abin da ya sani.

Asabar 30 Satumba, 17:10

Ya yi! Rana tar, babu iska, ina cikin riga mai gajeren hannu. Na tsaga muciya a inda ruwa ya tsaya, na ɗora bayan azahar, na sauke da talho ya kira la'asar. Yatsa huɗu cif. Ja ne kamar shayi mai kauri, yana ɗan kama leɓe. Armindo ya ɗanɗana ya ce asara ce a bar wannan babu yis. Na ce ya yi ta kansa.

Gobe in sha Allah da jirgin safe.

Lahadi 1 Oktoba, 11:20

Na je har gar, tashar jirgin ƙasa. Na ga jirgin ya tashi. Na dawo.

Talata 3 Oktoba, 18:40

Hajiya ta ce Raliya ta sha romo cokali uku. Tana kwance.

Alhamis 5 Oktoba, 18:15

Firigo, akwatin sanyin nan, bai ɗauki buta shida na ruwan zaƙin ba, biyu suka shiga, na jera huɗu a lungu kusa da ƙofar ƙaramin ɗakin da muka shirya wa jariri. Yau na dawo na ji wani abu na huci. Na buɗe ɗaya ta yi mini feshi a fuska. Na sauka da ita wurin Armindo, ya shinshina, ya yi dariya har da tari, ya ce barka da shiga sana'a.

Ni Rachidou ɗan Malam Ilya na Zinder, na dafa giya a ƙofar ɗakin nan. Ruwa ba ya tsami banza, ni na ajiye shi kwana biyar saboda tsoro. Na zubar da su duka, har biyun firigo, don ban ƙara yarda da su ba. Na goge ƙofar. Ban buɗe ba.

Ba dafawar nake tsoro ba. Fuskarta nake tsoro.

Asabar 14 Oktoba, 16:50

Na biyu. An yi ruwa da safe, gari ya yi lumshi. Komai na yi yadda na yi ran nan, dawa ɗaya, tukunya ɗaya, wuta ɗaya. Yatsa uku da rabi. Zaƙin yana nan amma ya tsaya daga nesa.

Na ce wa Armindo damshi ne. Iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, ina za ta kai nawa? Ko wanki a nan kwana biyu yake yi bai bushe ba, a Zinder kafin ka shanya na ƙarshe na farko ya bushe. Ya ce wanki daban, tafasa daban. Abin da ke tafasa wuta ce ke tura shi sama, ko iska ta so ko ta ƙi, damshi ɗan kaɗan yake ragewa. Ya ce in bar shi kan wuta rabin awa mana. Na ce a'a. Ya tambayi minti nawa nake dafawa, na ce daga salla zuwa salla. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, tunda ina da agogona.

Ba zan kai mata wannan ba. Ko dai na gaskiya ko babu.

Laraba 18 Oktoba, 17:45

Laraba.

Asabar 21 Oktoba, 16:35

Yau na yi wautar da ko a izin ba zan faɗa ba. Sanyi ya sauko, tururi ya turnuƙe lambun har ba na ganin bango. Na ce wannan karon ruwa gudu yake, zai wuce yatsa huɗu ya ƙone. Ban ko tsoma muciya ba, na ƙara lita biyu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji masu magana. Nawa bai sani ba. Da na sauke, ruwan bai ko bar tsagar da yatsa biyu ba.

Armindo ya fito da sandarsa ya hura mini numfashi a fuska, wani farin hayaƙi ya fito. Ya ce, a watan Yuli ba ya numfashi ne? Tururin da nake gani ba yawan abin da ke fita ba ne, sanyi ne kawai ke tona shi. Ran da aka yi zafi ruwa ya fi tafiya, ban ga komai ba.

Shekara biyar na yi ina karatun wannan a Villeurbanne. Da takardata. Tsohon da ya bar lakol yana ɗan sha huɗu shi ke hura mini ilimi a hanci.

Litinin 23 Oktoba, 18:20

Na ce wa Hajiya zan zo ƙarshen mako. Ta ce, "Ka zo ka yi mi?" Na ji muryar Raliya daga nesa tana tambayar ko wane ne, Hajiya ta ce ba kowa.

Ba kowa. To.

Na ji haushi, na kuma ji daɗi don na ji muryar. Ban san wanne ya fi ba.

Asabar 28 Oktoba, 16:25

Iskar arewa, wadda ke bin kogi ta shiga ƙashi. Harshen wuta ya kwanta gefe ɗaya, tukunya tana tafasa ta hagu, ta dama shiru. Yatsa biyu da rabi.

Nan ne kaina ya ɗaure. Ni na san iska busarwa take yi. Armindo ya ce haka ne, amma wannan ɓarauniya ce, zafin take sacewa daga ƙasa da jikin tukunya kafin ya kai ga ruwa. Ya ce shi ma ran iska giyarsa takan fito da yawa kuma salam. Muka jawo tsohon ƙyaure da kwano biyu muka yi wa murhu shinge.

Na fara rubuta komai a bayan littafin nan: zafin gari, damshi, iska daga ina. Layi uku ne kawai amma kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa.

Lahadi 29 Oktoba, 08:10 ko 09:10

An maida agogo baya. Na bangon madafa yana faɗin ɗaya, talho yana faɗin ɗaya. Raliya ce ke hawa kujera ta gyara na bangon. Na bar shi.

Laraba 1 Nuwamba, 12:00

Babu aiki yau, ranar ziyarar makabartarsu ce. Duk gari furanni. Armindo ya tafi wurin matarsa da tukunyar fure. Ya tambaye ni ko zan raka shi, ya ce ɓangarenmu ba nisa da nasu. Na ce ina da aiki.

Doka ce, ba ni na kafa ta ba. Ba a shiga inda nake aiki da talho, a akwatin tufafi ake barin shi. Kowa ya sani, ita ma ta sani. Ran da aka kai ta asibiti, kira goma sha bakwai na tarar. Na farkon ƙarfe tara da minti huɗu, ni kuma ƙarfe ɗaya na fito.

Wa nake gaya wa wannan?

Asabar 4 Nuwamba, 15:20

Da shinge, babu iska, sanyi kaɗan. Na sa rai. Yatsa uku.

Armindo ya ce shinge ya yi aikinsa, sauran kuma bai sani ba. Ya sake cewa in ƙara lokaci. Na ce an ce kada la'asar ta same shi a wuta. Ya ce wa ya ce? Na ce wadda ta sani. Na yi masa tsawa, tsohon da ya ba ni tukunyarsa da gaz ɗinsa. Ya shige ciki.

Sau ɗaya na yi latti a rayuwata. Ba zan ƙara wuce lokacin da aka sa mini ba, ko da na tukunya ne.

Talata 7 Nuwamba, 18:05

Na kai wa Armindo kilishi. Ya karɓa ya ce ya yi yaji. Mun shirya ke nan.

Na aika wa Inna Tabawa tambaya. Amsa ta zo, minti bakwai. Ta tambayi ko na rufe tukunya, ko akwai wanda ya tsallake dawar, ko da hannun hagu na juya. Ta ce ita shekara arba'in azahar zuwa la'asar take yi, rani da damina, bai taɓa ƙi ba. Ta ce watakila ruwan ƙasar nan ne ba shi da kunya.

Asabar 11 Nuwamba, 15:15

Na buɗe wuta har ƙarshe. Ya tafasa kamar zai fito ya kama ni, ya yi ambaliya sau biyu, ya kama a gindi. Yatsa huɗu saura kaɗan, amma ƙauri ya shiga. Na zubar. Awa ɗaya na yi ina kankare tukunyar mutane.

In sanyi ne, ga shinge. In damshi ne, yau babu. In wuta ce, ga abin da wuta ta yi. Dawar ta kusa ƙarewa.

Alhamis 16 Nuwamba, 18:30

Hajiya ta ce ta karɓo biye na jirgin sama zuwa Nijar, ranar Juma'a ɗaya ga Disamba. Mutum biyu. Ta ce in aiko da sauran kayan Raliya da takardun asibiti. Takardun suna cikin ƙaramin ɗaki.

Asabar 18 Nuwamba, 15:05

Hazo. Yatsa biyu da rabi. Ban ma ɗanɗana ba.

Litinin 20 Nuwamba, 17:50

Na tsaya a ƙofar da hannuna kan mariƙi har na ji ƙafata ta mutu. Na ce wa Hajiya ban ga takardun ba.

Asabar 25 Nuwamba, 15:00

Dawar ƙarshe. Sanyi sosai, shinge, wuta daidai. Yatsa biyu da ɗan abu. Ruwa ne mai launi.

Na zauna a bakin murhu na rasa abin yi. Armindo ya kawo buta huɗu ya fara ɗurawa da kansa. Ya ce shekara goma sha biyu matarsa tana shan giyarsa marar daɗi, ba ta taɓa cewa don daɗin take sha ba. Ya ce jirgi na farko ƙarfe bakwai, kuma zai tsaya a taga ya ga na fita.

Lahadi 26 Nuwamba, 19:15, cikin jirgin dawowa

Zan rubuta yadda ya faru kafin ya ruɗe mini.

Na iso La Courneuve wajen sha ɗaya, hawa na tara, lif ya lalace, ni da buta huɗu. Hajiya ta buɗe, ta dube ni, ta dubi jakar. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, ta amsa a tsaye. Akwatuna biyu na falo an riga an ɗaure. Ta bar ni zaune fiye da awa biyu, na yi azahar a nan, sannan ta ce in shiga amma kada in daɗe.

Raliya ta rame har zobenta ya koma babban yatsa. Tana kwance tana fuskantar taga. Duk maganar da na shirya wata biyu ta gudu. Na zuba a kofi na miƙa mata, na ce na Dutse ne, amma bai yi ba. Ta daɗe tana shinshinawa. Ta kurɓa.

"Ruwa ne wannan," ta ce.

Kalma uku, na farko tun watan Satumba. Sai bakina ya ɓalle, na hau ba ta labarin iska da damshi da shinge da tururin ƙarya, har na fito da littafin nan ina nuna mata layuka kamar wanda ya zo kare kansa gaban alƙali. Ta bar ni na gama. Ta tambayi yaushe nake saukewa. Na ce da la'asar, yadda Inna ta ce, ko minti ban taɓa wucewa ba.

Ta dube ni, dubawar da take mini in na saka riga a bai-bai.

"Rachidou, la'asar ta Inna ba ta motsi. Ta nan kullum matsowa take. Ni da nake kwance ina kallon rana tana barin bangon can, na sani."

Na buɗe littafin ina bin kan shafuka. Ran da ya yi kyau, biyar saura na sauke. Jiya uku saura. In an cire awar da aka maida agogo, awa guda cur ta zube tsakanin sallolin biyu, kaɗan-kaɗan, ni kuwa ina can ina auna iska. Sanyi ya ci nasa, iska ta ci nata, gaskiya ne, amma babban ɓarawon a aljihuna yake yana kiran salla. Da hannuna na rubuta lokutan nan duka.

Ta sauko da ƙafafunta. Ta dafa bango, ba ta dafa ni ba, ta nufi madafa. Ta sa na juye butocin cikin tukwane biyu na Hajiya. Muna tsaye talho ya kira la'asar, na kai hannu zan kashe wuta, ta buge mini hannu.

"Can Dutse ko alwala ba a fara ba," ta ce.

Ƙamshi ya cika gidan. Hajiya ta taso da faɗa, tana cewa me ake dafa mata a gida, gidan da ake salla. Ta iso ƙofar madafa ta tsaya. Can ta ce, a hankali, kakarsu ba da wannan cokali take juyawa ba, ta jawo muciya daga bayan firigo ta karɓi juyin.

Da ya huce Raliya ta sha kofi ɗaya da rabi. Ta ce har yanzu bai kai ba, amma ya kama hanya. Hajiya ta sha nata ta juya mana baya.

Da Hajiya ta fita na ce, talho yana cikin akwati ran nan. Ta ce ta sani. Na ce kira goma sha bakwai. Ta ce ta sani, ba shi ba ne. Na ce to mene ne? Ta girgiza kai, ta ce ita ma da ta sani da ta tashi tuni. Wata biyu da rabi ina ɗauke da laifi ɗaya, yau an ce ba shi ba ne, kuma ban ji sauƙi ba, na dai ji kamar an karɓe mini sanda. Na yi kuka a madafar Hajiya Mariama. Ba ta hana ni ba, ita ma tana yi.

Ban tambayi maganar biye ba. Akwatunan na nan a falo da na fito.

Litinin 27 Nuwamba, 18:30

Ban kira ba. Tsoro.

Talata 28 Nuwamba, 13:10

Na fito hutun rana na buɗe akwatin tufafi. Kira ɗaya, ƙarfe goma da rabi. Sunanta. Sai da na zauna a ƙasa.

Na kira, ita ta ɗauka. Ta ce kada in firgita, ta san ina ciki, so ta yi in tarar. Ta ce ta ci tuwo jiya. Ta ce Hajiya za ta tafi ranar Juma'a ita kaɗai, tana ta mita, ta kuma ce a aika wa Inna Tabawa buta ɗaya don ta ga abin da Bazindire ya yi wa sana'ar uwarta.



"Ka jiƙa dawa," Raliya ta ce. "Ɗakin nan kuma ka bar shi yadda yake. Tare za mu buɗe."

Talata, 18:45

Na biya kanti na sayo dawa, na jiƙa. Na hau kujera zan gyara agogon bango, sai na sauko na bar mata.